Ƙarin Kitse Mai Zagaye Wuya, da Aikin da Likita Ke Yi Masa

Hakimi shi ne idon Sarki a cikin ƙasarsa, kuma sau da yawa maganar mai ciwo ta kan iso zaurensa tun ba ta kai kunnen likita ba. Dagaci ya zo da labari, ko dangi su zo neman takarda, ko kuwa mai unguwa ya ce ga wani can wuyansa ya cika, ya ƙi zuwa asibiti. Sabo da haka aka ga ya kyautu a bayyana wa hakimai da malamansu wani ciwo da likitoci ke kira ciwon Madelung, da irin aikin fiɗa da a ke yi masa. Ba ciwo ba ne mai yawa, kuma ya fi yawa a ƙasashen Turai da ke bakin Bahar Rum, irin su Italiya da Sifen. Mai yiwuwa ne hakimi ya yi shekara talatin a kan sarauta bai ga mai shi ba. Amma da ya ke yana kama da maƙoƙo, kuma kuskuren aska a kansa ya kan jawo asarar rai, sanin sa ya fi rashin sani.

Yadda ciwon ya ke

Kitse ne ke taruwa a ƙarƙashin fata, curi-curi, dama da hagu daidai wa daida, watau abin da ya fito a wannan gefe sai a ga ɗan'uwansa a wancan. Ya kan fara a ƙeya da dokin wuya, ya bi ƙarƙashin haɓa da gaban kunne, ya sauka kafaɗu da damatsa da bayan mutum. In ya yi nisa sai ka ga kamar an zura wa mutum gammo a wuya, ga kuma tozo a baya irin na bijimi. Hannuwa daga gwiwa zuwa ƙasa da ƙwauri kuwa ba ya taɓa su, har ma su kan rame. Ba shi da zafi in an taɓa, ba ya ja, ba ya yin ruwa. Wani lokaci ya kan girma da sauri cikin shekara ɗaya ko biyu sa'an nan ya lafa, wani lokaci kuma ya yi ta ƙaruwa a hankali shekara da shekaru.

Wani likitan fiɗa na Ingila, Benjamin Brodie, shi ya fara ba da labarinsa cikin 1846. Cikin 1888 Otto Madelung, likitan fiɗa na Jamus, ya tattara labarin masu ciwon 33 ya bayyana kamanninsa, sunansa kuwa ya bi ciwon har yau. Bayan shekara goma, cikin 1898, waɗansu likitoci biyu na Faransa, Launois da Bensaude, suka kawo labarin mutum 65. A zamanin baya-bayan nan wani likita na birnin Padua a Italiya, Giuliano Enzi, ya daɗe yana bin masu ciwon, kuma a ƙasarsu aka ƙiyasta cewa a kan sami ɗaya cikin maza 25,000.

Galibi maza ya ke kamawa, masu shekara 30 zuwa 60, kuma mafi yawansu an same su sun daɗe suna shan giya mai yawa. A nan akwai abin lura. Ba kowane mai wannan ciwo ne mashayi ba. Akwai mata da shi, akwai waɗanda ba su taɓa kai giya baki ba, har yara an samu. An gano cewa a waɗansu gidaje gado ne, daga wata tangarɗa a cikin ƙwayoyin halitta masu sarrafa abinci ya zama ƙarfin jiki. Don haka ƙari a wuya ba shaida ba ce a kan kowa, kuma bai dace a bar mutanen gari su yi wa mai shi tambari ba. Mutumin da aka kunyata ya kan naɗe wuyansa da rawani ya shige gida, ba a sake jin labarinsa sai numfashi ya gagare shi.

Bambancinsa da maƙoƙo ba shi da wuyar ganewa. Maƙoƙo a gaban wuya ya ke, ƙarƙashin zakaran wuya, in mutum ya haɗiyi ruwa sai a ga yana hawa yana sauka. Wannan kuwa ya fi ƙarfi a baya da gefe, ba ya motsi da haɗiya. Akwai kuma kaluluwar tarin fuka, da sankara, da kitsen ƙeya da waɗansu magunguna ke jawowa, duk suna iya kumbura wuya. Rarrabe su aikin likita ne.

Dalilin da ya sa a ke kai wa ga wuƙa

Da ma a ce rage ci yana narkar da wannan kitse, da an huta. Amma ba ya narkar da shi. Mutum zai yi ta ramewa, haƙarƙari ya fito, gammon wuyan na nan yadda ya ke, domin kitsen ba ya jin umarnin da jiki ke ba sauran kitse ya narke. Barin giya wajibi ne, yana taimakon hanta, yana iya rage saurin girman ƙarin, amma ba ya ɗauke wanda ya riga ya taru. An gwada ƙwayar salbutamol, wadda a ke ba masu asma, an kuma gwada allurar narkar da kitse a cikin ƙarin kansa. Amfanin da aka gani kaɗan ne, ba ya tabbata, allurar kuma ta kan bar wurin ya yi tauri ya manne, har ta wahalar da likitan da zai yi aiki daga baya. Saura hanya ɗaya mai amfani na sosai, watau a cire kitsen.

Ba duk mai ciwon ne a ke gaggauta yi wa aiki ba. Wanda ƙarinsa ƙarami ne, ba ya hana shi komai, a kan bar shi ana dubawa. Amma akwai alamun da in an gan su ba a jira. Kitsen ya kan nutsa ciki ya matse hanyar numfashi da hanyar abinci, har ya gangara cikin ƙirji ya danne manyan jijiyoyin jini masu komawa zuciya. In mutum ya fara haki, ko numfashinsa na ƙara kamar busa, ko murya ta dishe, ko abinci na tsaya masa a wuya, ko yana minshari har numfashi ya ɗauke cikin barci ya farka a firgice, ko fuska ta riƙa kumbura jijiyoyin wuya su fito, to, wannan a kai shi babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Bayan waɗannan akwai wanda ba ya iya waiwaye, ko kwanciya rigingine, ko sa riga, da wanda kunya ta hana shi kasuwa da masallaci. Su ma likitoci sun yarda dalili ne isasshe.

Abin da ya sa aikin ya ke da wuya

Akwai ƙarin kitse na yau da kullum wanda kowa ya sani, ɗan curi guda a baya ko a damtse. Shi wannan yana cikin tantaninsa kamar ƙwai a cikin ɓawo. Likita ya kashe wurin, ya tsaga fata kaɗan, ya fito da shi ɗungurungum, mai shi ya koma gida ran nan. Kitsen Madelung ba shi da tantani. Ba shi da iyakar da za a ce nan ya tsaya, nan kitsen lafiya ya soma. Duk wanda ya tsaya wurin mahauci ya san bambancin kitsen da ke kwance a kan nama, wanda a ke ɗaye shi da hannu, da wanda ya ratsa cikin tsoka, wanda ba ya fita sai an bi shi da wuƙa zare-zare. Irin na biyun nan ne, ga shi kuma ya zaɓi wurin da ya fi ko'ina cunkoso a jikin ɗan Adam. Cikin wuya akwai manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa da masu dawo da shi, akwai jijiyar da ke motsa leɓe, da wadda ke ɗaga kafaɗa, da wadda ke riƙe murya, kitsen kuwa ya lulluɓe su. Har wa yau yana da tauri da zaruruwa, yana kuma zubar da jini ƙwarai in an yanka.

Daga nan hakimi zai ga hatsarin da ke cikin barin wanzami ya taɓa irin wannan wuya. Ƙaho da tsaga da sakiya ba za su fitar da komai ba, gama babu mugunya a ciki, babu mataccen jini. Abin da za su bari shi ne gyambo da tabo, in kuwa aska ta zarce ta sami babbar jijiya, ba a kai ga mota.

Shirin da a ke yi kafin aiki

Likita ba ya ɗaukar wuƙa sai ya san zurfin kitsen. A kan ɗauki hoton wuya da ƙirji da na'urar siti sikan ko ta emarai, waɗanda ke nuna cikin jiki yanki-yanki, a ga inda kitsen ya kai da abin da ya matse. A kan auna jini a duba hanta, da sukari, da ko jinin na daskarewa yadda ya kamata, domin mai ciwon hanta jininsa ba ya tsayawa da wuri. A kan leƙa maƙogwaro da madubi, gama shan giya da taba su kan haifar da sankara a can, kumburin wuya kuma ya ɓoye ta. A kan duba zuciya da jijiyoyin ƙafa, don da yawa cikin masu ciwon ƙafafunsu na mutuwa ko suna yi musu zugi. Aikin wuya ba ya warkar da wannan, ya kamata a gaya wa mai shi tun da wuri.

Wanda ke shan giya lalle ne ya faɗa wa likita gaskiya a asirce, ya kuma bari tun da sauran makonni. In ya ɓoye, aka kwantar da shi giya ta yanke masa farat ɗaya, bayan kwana biyu ko uku sai jiki ya kama rawa, hankali ya gushe, wani har da farfaɗiya, alhali ga sabon ɗinki a wuya. In likita ya sani, akwai maganin da ya ke bayarwa ya tare wannan.

Babban abin tsoro kuma shi ne sa barci. Mai irin wannan wuya ba ya iya miƙe kai baya, hanyar numfashinsa ta ƙuntata, in an sa shi barci tana iya rufewa kafin a zura masa robar numfashi. Sabo da haka likitan sa barci ya kan kashe masa maƙogwaro da magani, ya zura robar yana farke, da taimakon wani siririn madubi mai lanƙwasa, sa'an nan ya sa shi barci. Wani lokaci sai an huda maƙogwaro ta gaba an sa bututu na ɗan lokaci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba aikin ƙaramin asibiti ba ne. Wurinsa manyan asibitocin koyarwa ne, irin na Zariya da Kano, inda a ke da likitocin fiɗa na wuya da na gyaran jiki, da ma'ajiyar jini, da ɗakin kula da masu tsananin ciwo.

Hanya ta farko: tsagawa a yanke

Ita ce tsohuwar hanya, ita aka sani tun zamanin Madelung, kuma har yanzu ita aka fi bi a wuya. Likita ya kan tsaga fata bisa layin da wuya ke naɗewa, ko daga bayan kunne zuwa bayan kunne, don tabo ya ɓuya. Sai ya ɗaga fatar, ya nemo jijiyoyi ɗaya ɗaya ya kauda su gefe, ya yi ta yanke kitsen yana ɗaure ko ƙone bakin ƙananan jijiyoyin jini. Aikin ya kan ci sa'o'i da yawa, kitsen da a ke fitarwa kuma ya kan kai kilo ɗaya ko fiye. Fatar da ta saki a kan rage ta kafin a ɗinke.

Amfaninta a fili ya ke. Likita na ganin abin da ya ke yankewa, yana iya bin kitsen da ya nutse ya saki hanyar numfashi, yana iya tsayar da jini da idonsa, ya kuma fitar da kitse mai yawa. Abin da aka cire a kan kai shi ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Da ƙyar wannan kitse ke rikiɗa ya zama sankara, amma dubawa ita ke kwantar da hankali. Galibi kuma ƙarin ya fi jinkirin dawowa bayan wannan hanya.

Tsadarta kuma ba kaɗan ba ce. Tabo dogo ne. Inda aka kwashe kitse ya kan bar rami a ƙarƙashin fata, jini ko ruwa ya taru a ciki, shi ya sa a ke barin 'yar roba tana tsiyayar da shi kwanaki, a kuma naɗe wurin. Jini in ya taru a wuya da sauri yana iya shaƙe mutum, don haka daren farko ba a ɗauke ido daga kansa. Ciwo na iya ruɓa, gefen fata na iya mutuwa, musamman ga mai shan taba ko mai ciwon sukari. In jijiya ta ji rauni, leɓe ya kan karkace, ko kafaɗa ta faɗi, ko fatar kunne ta mutu. Mafi yawan wannan ya kan warware cikin watanni, amma wani ya kan zauna.

In ƙarin ya zagaye wuya gaba da baya, ba a cika yin sa rana ɗaya ba. A kan fara da inda ya fi matsa wa mutum, a bar shi ya warke waɗansu watanni, sa'an nan a koma wa saura. Dangi su kan ɗauka likita ya kasa ne ko yana neman ƙarin kuɗi. Ya kamata malamin hakimi ya iya bayyana musu cewa rarraba aikin don rage zubar jini ne da daɗewa cikin barci.

Hanya ta biyu: zuƙewa

Wannan sabuwa ce. Wani likita na birnin Faris, Yves-Gérard Illouz, shi ya kyautata ta wajen ƙarshen shekarun 1970. A kan huda fata kaɗan, a zura siririn bututun ƙarfe mai dasasshen baki, a haɗa shi da injin zuƙa, a yi ta kai da kawowa a ƙarƙashin fata ana tsotse kitsen. Cikin 1987 wani likitan fata na Amurka, Jeffrey Klein, ya bayyana dabarar fara cika wurin da ruwan gishiri gauraye da maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyin jini, abin da ya rage zubar jini ƙwarai, har a kan yi ƙaramin aiki ba tare da an sa mutum barci ba. Daga baya aka ƙera bututun da ke farfasa kitse da girgizar sauti kafin a zuƙe, wanda ke taimako wajen kitse mai tauri irin wannan.

Tabonta ƙanana ne, jinya gajeriya ce, kuma tana kyau ga wurare masu faɗi waɗanda kitsensu ke kusa da fata, kamar baya da damatsa da ciki da cinyoyi. Ga wanda jikinsa ba zai ɗauki dogon aiki ba, sau da yawa ita ce mafita. Amma likita ba ya ganin bakin bututun, da tafin hannu ya ke lalube. Ba zai yi gangancin nutsa shi kusa da manyan jijiyoyin wuya ba, don haka kitsen da ke matse numfashi ba ya samuwa ta wannan hanya. Inda aka taɓa yin aiki ko allura wurin ya yi tauri, bututun ba ya ratsawa da kyau. Kitsen da a ke bari ya fi yawa, ƙarin kuma ya fi saurin dawowa. Bayan aiki sai an sa matsattsiyar riga ko bandeji makonni, don fata ta kwanta.

A ganinmu kuskure ne a tambayi wace ce ta fi a cikin biyun, kamar mai tambayar gatari da lauje wanne ya fi. Inda kitse ya nutse ko ya taɓa numfashi, wuƙa ce. Inda ya bazu a sarari, zuƙa ta wadatar. Likitoci da yawa yanzu haɗa su su ke yi ga mutum guda: su tsaga wuya, su zuƙe kafaɗu da baya, su kuma bi gefen tsagar da bututu don wurin ya daidaita. Kitsen da ya shiga cikin ƙirji kuwa ba a bin sa sai in ya matse wani abu, domin wannan sai an haɗa da likitan ƙirji.

Abin da za a gaya wa mai ciwo da danginsa

Maganar da ta fi muhimmanci ita ce, aikin nan ragewa ya ke yi, ba ya tumɓuke ciwon. Da ya ke kitsen ba shi da iyaka, ba mai iya kwashe shi duka, kuma abin da ya sa ya taru tun farko yana nan a jiki. Mutane da yawa ƙarin ya kan dawo musu bayan shekaru, wani a wurin da aka yi aiki, wani a sabon wuri, a sake yin aiki na biyu ko na uku, na baya kuma ya fi na farko wuya sabo da tabo. Duk da haka ribar ba ƙarama ba ce: mutum ya sami numfashi da barci, ya iya waiwaye, ya fita cikin jama'a. Wanda aka gaya wa gaskiya tun farko ba ya ganin an cuce shi in ƙarin ya dawo. Wanda aka yi wa alkawarin warkewa ƙaƙaf kuwa ya kan yanke ƙauna daga asibiti, ya koma wa masu tsaga. Komawa ga giya bayan aiki yana ɓata wahalar da aka sha, ga kuma hanta da ke ci gaba da lalacewa ko da wuya ya yi kyau.

In za a aika mutum asibiti, malamin hakimi ya taimaka da takarda gajeriya: shekarun mutumin, yaushe ƙarin ya fara da inda ya fara, ko yana ƙaruwa da sauri, ko akwai haki ko dishewar murya ko wahalar haɗiya, ko akwai mai irinsa a dangi, da magungunan da ya ke sha, na asibiti da na gargajiya, da ko an taɓa yi masa tsaga ko allura a wurin. Maganar giya kada a rubuta ta, a bar ta tsakaninsa da likita. A shawarci dangi su tafi da mutum biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini, su kuma yi guzurin zaman mako ɗaya ko biyu. Bayan an sallamo shi, dagaci ya sa ido ya ga ya koma ranar da aka sa masa. In wurin ɗinki ya kumbura farat ɗaya, ko ya soma ruwa da wari, ko zazzaɓi ya kama shi, ko numfashi ya canja, a mayar da shi ran nan, ko da ranar komawarsa ba ta yi ba.